MPC na bin kuskuren samfurin da aka horar, ina mafita?

Jama'a, a taimaka da shawara. Jirgi maras matuƙi ne mai farfela huɗu. Ƙananan samfura biyar da aka horar da bayanan tashi ke hasashen motsinsa, MPC (Model Predictive Control, tsarin sarrafawa da ke amfani da hasashen samfuran don zaɓar umarnin da za a bai wa jirgin) kuma na duba taki 20 gaba, sau 50 a daƙiƙa. A kwaikwayon kwamfuta lafiya lau. Da iska ta taso, sai MPC ya zaɓi yanayin da samfuran ba su taɓa gani ba, don can kuskurensu ke nuna hanya mai arha a lissafinsa, jirgin ya nufi bango. An sa tara a lissafin MPC kan saɓanin samfuran: ta yi nauyi, jirgin ya ƙi gaba, ta yi sauƙi, matsalar ta dawo. A rage takin hasashe ne, ko a ɗora matatar tsaro ta CBF (Control Barrier Function, mai gyara umarnin da zai kai jirgin ga haɗari)? In matatar ce, da wane samfuri za a gina ta?