Great Khan ya hana ni sakat a Stellaris, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu buga Stellaris, wasan nan na kwamfuta na kafa daula a sararin samaniya, na kamfanin Paradox, da ya fito 2016, ina neman shawararku.

Daga shekarar 2200 ta cikin wasan da ake farawa komai lafiya lau nake tafiya, amma da an wuce 2300 sai 'yan fashin nan da ke makwabtaka da ni su haɗe kai ƙarƙashin shugaba guda da ake kira Great Khan, kafin in ankara sun cinye min tashoshin bakin iyaka, ga ƙarfen ƙera jiragen yaƙi baya isata ko kaɗan, ina ƙerawa suna farfasawa.

Abokan wasana a nan Jidda ra'ayinsu ya rabu. Wani yace in miƙa wuya kawai in riƙa biyan haraji har Khan ɗin ya mutu rundunarsa ta watse, wani kuma yace a'a, in gina manyan tashoshin tsaro a mashigar da dole sai ta nan zasu bi. Ni wallahi miƙa wuyan nan baya min daɗi, amma tashoshin ma basa jurewa.

Shin tun farko ya kamata in murƙushe 'yan fashin kafin su haɗu? Kuma wane makami yafi cin jiragensu?