Dogon sunan fayil ya hana ni fitar da .hex: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Daga Kabuga:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wata na'ura da za ta riƙa kashe famfon rijiyar burtsatse idan tanki ya cika. Kod ɗin ya harhaɗu lafiya, fayil ɗin .elf, wato wanda ake samu bayan an harhaɗa kod, ya fito, amma da an zo juya shi zuwa .hex, fayil ɗin da zan ɗora wa allon lantarkin da ke sarrafa na'urar, sai manhajar da ke juyawar ta rufe kanta, ko saƙon kuskure babu. Kwana uku ina fama. Na canza kebul, na je Farm Centre na sayo wani allon, duk a banza. Daren jiya na kwafe foldar zuwa C:\a, nan take ta yi aiki. Da na ƙirga tsohon adireshin, folda cikin folda har hawa bakwai, haruffa 271 na samu. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda ya yi.

Daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma ta taɓa cinye mini yini guda, mai aiki yana zaune a shago yana jira. Windows ya ƙayyade adireshin fayil, wato jerin sunayen foldoji har zuwa sunan fayil ɗin, a haruffa 260. Tun 2016, a Windows 10 sigar 1607, ana iya ɗage wannan iyaka da wani saiti mai suna LongPathsEnabled, amma sai ita manhajar an gina ta da sanin hakan, tsofaffin kuwa ba ruwansu. Abin da nake yi shi ne umarnin subst: ka ba doguwar foldar harafi ɗaya, kamar X:, ka yi aikinka daga can.

Daga Hotoro:
Nawa a Linux ya same ni, kuma ya fi ba ni haushi. A ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, sunan fayil ba ya wuce bayit 255, bayit fa, wato ma'aunin gurbin ajiya, ba harafi ba. A UTF-8 kuwa, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci. Tsarinmu yana ɗauko sunan fayil daga taken aikin, taken kuma da Hausa muka rubuta. A ido sunan bai kai iyaka ba, amma da manhajar ta liƙa masa wutsiyar fayil na wucin gadi sai ya zarce. Wani abokin aiki ya ce mu cire ƙugiyoyin kawai. Ban yarda ba. "Ƙasa" ba "kasa" ba ce. Taken muka gajarta, haruffanmu suna nan.

Daga Sharaɗa:
Yarinyar Hotoro, kin yi daidai. Ku bar ɗora wa kanku laifi, yawanci aibin yana cikin manhajar. Na taɓa buɗe kod ɗin wata irinta a wurin aikinmu: mai rubutun ya ware gurbin bayit 256, ya zuba sunan da strcpy, umarnin kwafe rubutu a harshen C, bai auna tsawonsa ba. Abin da ya yi saura sai ya malala kan maƙwabcinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ya sa take mutuwa shiru. Tsohon gado ne: a COFF, wani tsohon tsarin fayil ɗin manhaja, gurbin suna bayit 8 ne, a rumbun ar, mai tara fayiloli wuri guda, kuma 16, dogayen sunaye a wani tebur daban ake ajiye su.

Daga Kabuga:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na gwada subst, .hex ya fito, famfo ya kashe kansa da asuba. Sai dai da na sake kunna kwamfutar X: ɗin ya ɓace. Kullum sai na sake buga umarnin ke nan, ko akwai yadda kuke sa shi ya zauna?