Katangar Gidan Makama

Baƙon Kano: Salam jama'a, wai me ya sa katangar Gidan Makama take da kauri haka, kuma me ya hana a shafe ta da siminti a huta?

Ɗan magina: Wslm malam, ai ginin tubali ne, gindi da kauri sama a rage don ta iya ɗaukar kanta, siminti kuwa danshi yake riƙewa, ƙasar ta jiƙe daga ciki wata rana kawai ka ga ta zube. Makuba ake shafawa, wato yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

Yar cikin gari: Gidan fa tun zamanin Sarkin Kano Rumfa ne, hukumar gidajen tarihi ba za ta bari a shafa masa siminti ba.

Baƙon Kano: To zankayen saman fa?

Ɗan magina: Ado ne, amma magina na ɗaura igiya a jiki lokacin yaɓe.