Wane mai ne ya fi dacewa da ɗigon ruwa mai ƙwayoyin halitta?

Ɗalibar Mastas: Salam 'yan uwa, ina haɗa ƙananan ɗigon ruwa a cikin siraran hanyoyin cif na PDMS (wata irin robar silikon) amma da man ma'adinai ƙwayoyin halittar nawa mutuwa suke yi kafin kwana biyu, wai man fulorin zai taimaka?

Malamin Lab: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sosai ma, gwada man fulorin da ake kira HFE-7500, iskar oksijin na narkewa a cikinsa da yawa shi ya sa ƙwayoyin ke samun numfashi, kuma ba ya kumbura PDMS ɗin. Amma dole ki sa masa sinadarin PFPE-PEG kamar kashi 2 cikin ɗari, in ba haka ba ɗigon haɗewa za su yi.

Injiniya: Ki lura man ya fi ruwa nauyi, ɗigon sama suke tasowa. In za ki fasa su ki kwashe abin da ke ciki, ki ɗiga sinadarin PFO (perfluorooctanol) kaɗan.

Ɗalibar Mastas: Na gode malam. Samunsa fa?

Malamin Lab: Nan ne damuwar wallahi, tun 2022 kamfanin 3M, wanda HFE-7500 nasa ne, ya sanar zai daina yin sinadaran PFAS (dangin sinadarai masu fulorin, har da wannan man) ƙarshen 2025, ki tambayi dillalai madadinsa tun yanzu.