Gwaji ya nuna ina da HPV mai haɗari, yaya zan yi da maigida da abokiyar zamana?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. A Agege nake zaune, shekarata 34, 'ya'yana uku, ni ce uwargida, amarya kuma shekararta biyu a gidan. Kwanakin baya na raka ƙanwata asibiti, nas ta ce tunda na zo in yi gwajin bakin mahaifa. Na yi, alhali babu inda ke min ciwo. Ranar Litinin aka kira ni, wai an ga HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta saduwa, nau'i na 16, yana cikin masu iya kawo sankara, aka ba ni ranar komawa a duba ni da na'ura. Takardar na ninke ta huɗu na cusa ƙasan akwatin zannuwa, kullum bayan asuba sai na zaro ta na sake karantawa.

Wallahi ban taɓa sanin ɗa namiji ba sai mijina. Jiya kwanana ne, na ce masa kaina ke ciwo na juya baya, tsoro nake kada in sa masa, shi kuma ya kai wa yarinyar nan. In na faɗa, da wane ido zai kalle ni? Ko akwai maganin da za mu sha tare ya wuce?

Wata ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki fara da sauke numfashi. Abin da aka gani ƙwayar cuta ce, ba sankara ba. Kusan duk mai aure yana haɗuwa da HPV a rayuwarsa, kuma wajen tara cikin goma garkuwar jiki ke share ta cikin shekara biyu, mutum bai ma sani ba. Dalilin da ya sa ake sa wa nau'i na 16 da na 18 ido shi ne su biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Amma ko ta zauna a jiki, yawanci sai an yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta kai ga haka. Ke an gano ki tun da nisa.

Babu ƙwayar magani ko allurar da ke kashe ta. Abin da ake magancewa shi ne canjin da take kawowa a fatar bakin mahaifa. In an duba an ga wurin ya fara sauyawa, ana ƙona shi da zafi ko a daskarar da shi, ko a yanke ɗan wurin, ranar mace ke komawa gida. Don haka ranar nan da aka ba ki, ko ruwa ake da ƙanƙara, ko hanyar Oshodi ta cushe, ki je.

Batun maigida kuwa, shekarun da kuka yi tare, mafi yawan zato shi ma yana da ita ko ya taɓa yi, juya masa baya yanzu ba zai mayar da hannun agogo ba. Maza ba su da gwajin da ake musu na yau da kullum. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa, amma bai rufe ko'ina ba, tunda ta haɗuwar fata da fata take bi. Kuma gwajin ba ya nuna wa ya sa wa wani, ko yaushe. Tana iya kwanciya shekaru ba motsi. Kada ki yarda a zarge ki, ke ma kada ki ɗora masa zargi.

Wata daga Mile 12:
Ni dai a ganina ki yi shiru ki nemi lafiyarki. Namiji da ya ji ta kwanciya ake ɗauka, ba zai tsaya jin bayani ba, sai ki ji magana ta kai Kano wurin uwarsa kafin magariba.

Wata uwa, Obalende:
A'a 'yata, ban goyi bayan shirun nan ba. Da ita kaɗai ce da sai a ce ta zaɓa, amma akwai ran wata a ciki. Amaryar nan tana da haƙƙin ta san ya kamata a duba ta. Ƙanwar mahaifiyata haka ta tafi, jini yana zuba bayan ta daina al'ada, ana ta cewa sanyi ne ana jiƙa saiwoyi, ran da aka kai ta asibiti likita ya ce an makara. Na wanke mata zannuwa da hannuna, na san warin ciwon nan. Da an duba ta shekara goma kafin nan, Allahu a'alamu.

Ke kuma mai tambaya, kada ki faɗa masa a ɗaki da dare kina kuka. Ki ce likita na son ganinku tare ranar komawa, bayanin ya fito daga bakin likita. Namiji ya fi jin maganar mai farar riga.

Wata daga Alaba Rago:
Ni ma an gan min, nau'i na 18, shekara uku ke nan. An ƙona min wurin, ban fi minti ashirin a ɗakin ba, sai ɗan ciwon mara da ruwa-ruwa da ya yi ta fita na wasu makonni. Aka ce in kauce wa maigida wata guda wurin ya warke. Bayan shekara na koma, babu komai, yanzu haka goyo nake. Roƙona ɗaya, ki bar matsi da duk abin da ake cusawa da sunan gyara, kada wata ta sayar miki da haɗin da za ta ce yana wanke HPV.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara:
Na manta abu uku. Ku yi gwajin HIV ku ukun, domin mace mai ɗauke da ita haɗarin kamuwarta da sankarar bakin mahaifa ya ninka kusan sau shida. In maigida yana shan taba a ɗaki ya daina, ke ma ki nisanci shisha, hayaƙi yana hana jiki share ƙwayar. Sannan in kina da 'ya mace, tun watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya, ki tambaya a ƙaramin asibitin unguwarku. Rigakafin ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, amma amarya ta tambayi likita ko zai amfane ta.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka muku da alheri, Mama Allah Ya ji ƙan mamaciyarku. Ɗazu da ya dawo daga kasuwa na ce masa likita na nemanmu ranar Alhamis, ya tsaya da buta a hannu ya ce lafiya? Na ce lafiya, bayani ne. Ya ce zai bar wa yaronsa shago. Babbar 'yata shekararta 11, lokacin da aka zo makarantarsu da allurar ni ce na hana, saboda maganganun da na ji cewa tana hana haihuwa. Gobe zan kai ta. Saura amarya, Anti nas, ni zan fara yi mata magana ko in bari shi ya faɗa mata bayan mun dawo?