Yaya ake auna zafi bayan an cire haƙorin hankali?

Mai neman sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin aikin haƙori ce, da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. An cire mini haƙorin hankali na ƙasa, wanda ya fito a karkace ya tokare turmin da ke gabansa, har sai da aka tsaga dasashi aka yi ɗinki. Da za a sallame ni aka ba ni takarda, aka ce in riƙa rubuta yawan zafin da nake ji daga 0 zuwa 10 safe da rana da dare, in kawo ranar da za a duba ɗinkin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban san da me zan gwada ba. Wani lokaci in rubuta 6, sai in ga kamar na yi ƙari domin na taɓa jin ciwon da ya fi haka, wani lokaci kuma in rubuta 3 alhali na kasa tauna komai. Shin wannan lamba tana da amfani na haƙiƙa ga likita, tunda zafi ba jini ba ne da za a ɗiba a kai ɗakin gwaji? Kuma a wane mataki ya kamata mutum ya daina haƙuri ya koma asibiti?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Lambar tana da amfani ƙwarai, amma ba don a gwada ki da wani mai jinya aka ba ki takardar ba, don a gwada yau ɗinki da jiyanki ne. Sifili yana nufin babu zafi ko kaɗan, 10 kuma shi ne mafi tsananin zafin da za ki iya kawowa a ranki. A aikace mukan ɗauki 1 zuwa 3 a matsayin zafin da mutum yake ji amma bai hana shi harkokinsa ba, 4 zuwa 6 wanda yake raba masa hankali har ya nemi magani, 7 zuwa sama kuma wanda yake hana barci da magana. Wannan 3 da kika rubuta alhali kin kasa tauna ba kuskure ba ne, abu biyu ne suka haɗu, domin zafin da ake ji baki a rufe daban yake da wanda yake tasowa idan an buɗe baki ko an haɗiye. Ki raba takardar gida biyu ki rubuta kowanne. Ki kuma sa lokacin da kika sha magani, da makin da kika ba zafin kafin ki sha da kuma bayan awa ɗaya, domin saukowa daga 6 zuwa 4 ya fi gaya wa likita wani abu fiye da 4 ɗin ita kaɗai. Yadda aka saba gani shi ne zafi ya fi tsanani a cikin awa 12 na farko bayan allurar kashe zafi ta sake, daga nan ya riƙa ja da baya, kumburi kuwa sai a rana ta 2 ko ta 3 yake kai maƙura.

Ɗalibin haɗa magunguna:

Ina so in ƙara da cewa wannan ma'auni da yake kama da wasan yara shi ne ginshiƙin gwajin magungunan zafi da yawa da muke sha. A shekarar 1976 wasu masana biyu a Amurka, Stephen Cooper da William Beaver, suka bayyana hanyar gwada maganin zafi a kan waɗanda aka cire wa haƙorin hankali, kuma har yau ana bin ta, saboda masu zuwa wannan aiki galibi matasa ne masu lafiya, aikin iri ɗaya ne, an kuma san lokacin da zafin zai fara. Akan ba mutum layi mai tsawon milimita 100, wanda farkonsa yake nufin babu zafi, ƙarshensa kuma zafi mafi tsanani, ya sa alama inda yake ji, sannan a ɗauki rula a auna. Ana maimaita haka na awa 4 zuwa 6 bayan shan magani, a kuma rubuta lokacin da ya nemi ƙari. Da irin wannan gwaji aka gano cewa haɗa ibufurofen da farasitamol ya fi kowannensu shi kaɗai, kuma ba ya kasa magungunan dangin kodin, shi ya sa ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta sa su a sahun farko a jagoran da ta fitar a 2024. Sai dai a kula: babban mutum mai lafiya ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu kuma kada ya sha ibufurofen sai da izinin likitansa.

Wanda ya taɓa shiga:

Ban ƙi bayanin malamai ba, amma ni a ganina lamba kaɗai ba ta isa ba. Nawa zafin ya sauka lafiya, sai kwatsam ya dawo da wani irin zogi mai zurfi da yake harbawa har cikin kunne, ga ɗoyi a baki wanda kurkura ba ta kawar da shi, kuma maganin da yake aiki a da ya daina. Idan da maki kawai zan faɗa, 6 ce, daidai da ta ranar farko, amma ba ciwo ɗaya ba ne ko kusa. Da na koma aka duba, ashe gudan jinin da ya kamata ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Aka wanke ramin aka cusa magani, kafin in isa gida na ji sauƙi. Saboda haka, 'yar'uwa, ki riƙa rubuta kalma ɗaya ko biyu a gefen lambar: zogi ne, suka ne, ko tsami.

Likitan haƙori:

Abin da ɗan'uwa ya kwatanta shi muke kira busasshen rami. Yakan bayyana tsakanin rana ta 2 zuwa ta 5, ya fi aukuwa a haƙoran ƙasa da kuma masu shan taba, kuma tsotsa da kurkura da ƙarfi a ranar farko suna iya jawo shi. Shawararsa ta rubuta irin zafin daidai ce, domin tun 1975 Ronald Melzack na jami'ar McGill a Kanada ya fitar da takardar tambayoyi da take auna zafi ta kalmomin da mai ciwo ya zaɓa.

Hajiya, game da tambayarki ta biyu, babu wani maki guda da za a ce shi ne iyaka. Abin da nake dubawa a takardar shi ne inda lambobin suka dosa. Idan suna sauka, ko da a hankali ne, aikin yana warkewa. Idan suka sauka suka sake hawa, ko suka tsaya a 7 zuwa sama duk da kina shan magani yadda aka rubuta miki, ki dawo, kada ki jira ranar duba ɗinki. Akwai kuma awon da za ki iya yi da hannunki: lafiyayyen baki yakan buɗe milimita 35 zuwa 45 ko fiye, wato kusan yatsu uku a jere tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Bayan aikin zai ragu, amma ya kamata ya riƙa ƙaruwa kullum. In ya ci gaba da ƙanƙancewa, ko kumburi ya ƙaru bayan rana ta 3, ko zazzaɓi da mugunya suka bayyana, alamar ƙwayoyin cuta ce. Wahalar haɗiya ko ta numfashi kuwa ta gaggawa ce, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Sannan idan leɓenki na ƙasa ko haɓa ko gefen harshe ya ci gaba da zama a sage bayan allurar ta daɗe da sakewa, ki sanar da wanda ya yi miki aikin ko da babu zafi ko kaɗan, domin jijiyoyin da suke kai ji wuraren nan suna bi ta kusa da saiwar haƙorin hankali na ƙasa.