Tambaya kan 4294967297: Python da C sun saɓa

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman taimako kan lambar Fermat ta biyar, 2^32 + 1, wato 4294967297. An san ba firam ba ce (firam ita ce lambar da 1 da ita kanta kaɗai ke raba ta daidai), tun 1732 Euler ya nuna 641 × 6700417 ce. Ba ta cikin lambobin Carmichael ma (waɗanda ba firam ba ne amma suke yaudarar gwajin Fermat na gano firam), domin 640, wato 641 - 1, ba ta raba 2^32 daidai, saboda 5 ɗin da ke cikinta.

A Python, in n ita ce lambar nan, pow(2, n-1, n), ragowar 2^(n-1) in an raba da n, na ba da 1, wato ta tsallake gwajin Fermat da tushe 2. Gwajin Miller-Rabin, wanda ya fi na Fermat tsauri, ma ta tsallake shi: in aka fara da 2 aka yi ta ninka ragowar da kanta, ana samun 4, 16, 256, 65536, sai 4294967296, wadda ita ce n-1. Tushe 3 ne ke tona mata asiri.

A C kuwa, da uint64_t (ma'ajin lamba mai bit 64), gwajin Fermat ɗin 0 yake bayarwa. Ninka 4294967296 da kanta na ba da 2^64 cif, ma'ajin ya cika ya koma sifili. Amsar "ba firam ba" ta yi daidai, amma ta gurguwar hanya, kuma wannan ne ya fi damuna.

Kwamfailar (manhajar fassara C) da nake aiki da ita ba ta da __int128, ma'aji mai bit 128. Wace hanya ce mafi sauri ta lissafa (a × b) mod n ba tare da ambaliya ba? Ninkawa ta hanyar tarawa na aiki, sai dai zagaye 64 a kowane ninki ya yi nauyi. Salon ninkawa na Montgomery zai biya wahalarsa a nan?

Sannan a gwajin Miller-Rabin, tushe 2, 7 da 61 sun isa ga lambobin ƙasa da 4759123141 kawai. Zuwa 2^64, dole sai firam 12 na farko, 2 zuwa 37, ko akwai jeri mafi gajarta da aka tabbatar?